Rabo Wala da Tiken Albasa

Wanda bai san Rabo ba shi matso kusa, yau za shi san shi. Ƙauyensu na nan cikin ƙasar Sabon Gida, inda ba gidan da ba shi da garkar albasa. Rabo ya yi lakwal, makarantar boko, shekara ukku tun shina yaro, yau shekara arba'in ba a gama jin labarin shekara ukkun nan ba. Duk maganar da yay yi sai shi ruhe ta da "wala", wai haka Nasara ka yi in sun kai ƙarshen zance. Shi yas sa anka laƙa mishi Rabo Wala, shi ko shina jin daɗin sunan.

Aikin garka kuwa na mata tai na, Zaliha. Wurin uwarta tag gaji garkar, kuma da guga da igiya ta ka ba ta ruwa, har kahwaɗunta sun hwara yi mata ƙara da sahe. Shekara huɗu tana leƙen wani injin ban ruwa cikin wani kanti na Madawa, ja, da tiyo nai a naɗe. Bana Allah ya yi, albasarta ta riga ta kowa isa, buhu goma sha biyu. Alhaji Muhammadu, mai kamyon da ka kai albasa Abijan, ya aiko mata: in kaya sun iso tashar albasa ta Madawa ran Laraba kahin la'asar, shina ɗauka duka da kuɗɗin sabuwar albasa. Kuɗɗin kuwa sun kai inji da tiyo, daidai wa daida.

Ran Talata Rabo yac ce bari shi tahi Madawa shi dubo hanya, tunda shi ad da karatu. Yad dawo da azahar, hula a karkace, bai ko shiga gida ba yaz zarce gindin iccen bedi inda maza ka zama. Zaliha na jin shi ta bayan darni.

"Gwamnati ta ji ƙamshin albasa," yac ce. "Da idona nig gani. An kahwa sabon allo ƙohwar tasha, an rubuta ɓaro-ɓaro: ɗari biyu da hamsin kowane buhu. Wala."

To, ga inda Rabo yay yi tuntuɓe. Mu nan takarda da tamma ta ka magana, baki kuwa da dala, kuma tamma biyar ita ta dala guda. Lambar 250 da anka rubuta ga allo tamma ta, wato dala hamsin, daidai da kuɗɗin tike, harajin tasha, na bara. Ko mai tuyar ƙosai ta san raba ta a ka yi gida biyar. Amma Rabo ya ga lamba, karatu ya motsa, yak karanto ta yadda take yaz zuba ta cikin bakin Hausa. Cikin bakin Hausa kuwa, ɗari biyu da hamsin jikka guda ta da dala hamsin. Haka Rabo yan ninka haraji sau biyar shi kaɗai, gwamnati ba ta da labari.

Baba Tanimu, maƙwabcinsu, yac ce, "Bara hamsin-hamsin munka biya."

"Bara akwai allo? Allon kyauta anka rubuta shi?"

Gaskiya kuwa bara ba allo.

"Ku ba ku san yadda ƙasa ka tahiya ba," in ji Rabo, shina gyara zama. "Motocin manya, da mi a ka sayen su? Soja, da mi a ka ci da su? Da tiken albasarmu. In Adar ta ƙi biyan tike sati guda, Yamai ba a hura wuta. Ni za ni hwara. Gobe buhu sha biyu za su shiga kamyo, gwamnati ba ta ganin ko dala. In ta gani ku canza mini suna."

"Wane suna yar rage?" in ji wani daga baya.

Da yash shigo gida Zaliha tac ce, "Maigida, bari in aika a tambayi Yaƙubu mai tike."

"Ki tambayi mai karɓa nawa za shi karɓa? Ki ce mishi ga ni nan tahe da buhu sha biyu, shi wasa haƙora?"

Zaliha tay yi tunani. In maganar Rabo gaskiya ta, tike za shi ci jikka goma sha biyar, tiyo ya tahi ke nan, inji kuwa ba tiyo ƙarhe na kawai. Tac ce, "To. Amma ƙahwata ƙahwar albasata."

Dabarar Rabo ita ta, kada a bi godabe, kada a shiga tasha. A bi ta daji, a ɓullo bayan gari, a tare kamyo bakin hanya a juye kaya. Yak kira Alhaji Muhammadu don shi shaida mishi. Gaisuwa kaɗai ta cinye kiredin waya, don sai da yag gaishe shi da Hausa, yas sake da Hwaransanci. Yas sayi wani kiredi yas sake kira. Zaliha na tsaye, ta ji Alhaji ya ce, "Malam, ku kawo tasha kamar kowa." Rabo yak kashe waya yac ce, "Ya gane. Ba shi iya hwaɗi a waya, ana saurare."

Da sahe anka kawo motar Sha'ibu, tsohuwar bashe mai buɗaɗɗen baya da ka shan esansi kamar mai buɗa baki. Sha'ibu yac ce shi ba shi shiga daji sai an cika mishi tanki, anka tsaya gidan esansi anka cika. Kahin nan Rabo ya sa an luɓe buhunnan da karan dawa, an ɗaure da igiya, wai kowa yag gani shi ce abincin dabba na. Zaliha tah haye bisa, taz zauna cikin kara.

Sunka biyo ta bakin rijiya. Mata sunka aje guga.

"Rabo, ina zuwa da kara?"

"Kara na, wala. Za ni kai ma wani aboki."

"Karan ga naka na sa hawaye," in ji guda, tana murza ido. "Zaliha, a sawo muna tsarabar kasuwar albasa."

"Ba ruwana," in ji Zaliha. "Ni ma kara ta yau."

Rabo na gaba kusa da direba, hannu waje, shina nuna hanya. Sha'ibu yac ce su bi hagu. Rabo yac ce cikin dajin ga yag girma, dama za a bi. Anka bi dama. Ba a yi nisa ba mota tash shiga yashin ƙorama, taz zauna kamar wadda anka yi ma shimhiɗa.

"Sai an sauke kaya," in ji Sha'ibu.

Anka kwance kara, anka sauke buhu sha biyu. Rabo yac ce shi aiki nai tsari na, amma da yag ga idon Zaliha yaɗ ɗauki guda, yay yi taki ukku yas sake shi tim. Zaliha ta ji ƙarar har cikin haƙoranta, don albasa in ta bugu ba ta kwana biyu.

"Maigida, ba dutsi na ba."

"Na sani. Gwada ƙarhin buhun ni ka yi."

Suna turin mota sai ga raƙuman wani Buzu sun biyo ƙorama. Sunka ga kara a zube ba mai shi, sunka ce bisimilla. Rabo yab bar turi yab bi su da hula. Raƙumi guda yaj ja bakin buhu, albasa tab bi gangare tana birgima, Zaliha na binta da zane. Buzun na bisa raƙumi nai, yad dubi Rabo yac ce, "Kai, mai kara, albasarka ta zube."

"Ba tawa ta ba. Tsintuwa ta."

"To in ɗiba?"

"Taɓa ka gani," in ji Zaliha.

Hantsi ya wuce kahin mota ta hita. Anka mai da kaya, anka luɓe da abin da raƙuma sunka rage, rabin buhunnan na waje, rana na dahwa su. Zaliha tat taɓa na bisa taj ji shi kamar an sauke daga murhu. Tad dubi inuwar mota, tag ga tana guntulewa.

"Maigida, Madawa arewa take. Mu kamar kudu mun nuhwa."

"Ke da ba ki san taswira ba. Hanya in ta yi kudu, dawowa ta ka yi."

Sha'ibu yac ce shi dai ya ga wata tsamiya da yas sani, kuma ba ta ƙasar Madawa ta ba. Rabo yac ce tsamiya duk kama su ka yi.

Hanya ba ta dawo ba. Abin da yaz zo shi na motar 'yan duwan, masu tsaron kayan da ka shiga ƙasa da masu hita. Ashe saura kaɗan su taka Najeriya. Babbansu yas sauko, mutum mai natsuwa, yay yi sallama da Hausa, yac ce, "Baba, mi kunka ɗauko?"

Rabo yah hito, yag gyara riga, yaƙ ƙame. "Bonjur, shef. Sa ba? Wala."

Mutumin yag ga ya samu ɗan boko, yaj juya harshe. Yay yi tambaya da Hwaransanci.

"Wi, shef," in ji Rabo.

Yas sake wata.

"Wi, shef."

Yas sake ta ukku, doguwa.

"Wi wi, shef. Wala."

Sha'ibu yaɗ ɗora kai bisa sitiyari. Zaliha tas sunkuyo tac ce, "Mi anka ce?"

"An ce Najeriya za shi kai kaya, ya ce i. An ce ba shi da takardar hita da su, ya ce i. An ce da gangan yaɓ ɓoye su cikin kara don kada duwan ta gani, ya ce i har sau biyu."

Zaliha tas sauko da kara cikin ɗankwali. Tac ce, "Ɗana, don Allah mu yi ta da Hausa. Albasa tawa ta, Madawa za ni kai ta, kamyo na jira. Wanga mijina na, shi ka nuna hanya."

Babban duwan yad dubi Rabo, yad dubi daji, yas sake dubin Rabo. "Inna, na yarda da ke. Amma na iske kaya a ɓoye bakin iyaka, mai kaya kuma ya amsa lahi gaban yarana. Dole mu je biro a rubuta."

"Ban amsa komi ba," in ji Rabo. "Gaisawa mu ka yi."

Haka anka juya su, motar duwan gaba, bashe baya. Da sunka hau godabe esansi yaƙ ƙare, anka tura har gidan mai anka sake sha. Anka iso shingen piyaji, inda mota ka biyan kuɗɗin hanya, Sha'ibu yam miƙo hannu baya ba tare da ya juyo ba, Rabo yas sa mishi. A biro anka ce a kira wanda yas san su shi tsaya musu. Rabo yat tuna mutanen da yas sani Madawa duka, yag ga ba mai amsa waya tai sai taubashi nai, Mushe Alƙasim, tsohon malamin lakwal da yay yi ritaya, don mu nan malaman boko Mushe a ka ce musu. Kiredi ya sake ƙarewa. Anka sake saye.

Mushe Alƙasim yaz zo da sanda tai, yaj ji bayani, yaz zauna bisa banci sai da yag gama dariya tukuna yas sa hannu. Anka yanke amanda, tarar ɓoyon kaya, anka sassauta don Zaliha. Anka ce takardar sai da tambur, wato kan sarki, anka sayi tambur. Duk cikin ƙullin zanen Zaliha a ka hiddawa, don aljihun Rabo ya ƙare tun ga piyaji.

Ana kiran la'asar sunka iso tashar albasa, wurin da Rabo yar rantse ba shi takawa. Tasha cike. Labari ya riga su, har Baba Tanimu ya hau kabu-kabu ya zo ganin yadda a ka hana gwamnati dala. Kamyon Alhaji Muhammadu an hwara ja mishi tampol.

Yaƙubu mai tike yat taso da ɗan littahi nai. "Sannu da hanya. Buhu nawa?"

Rabo yas sha gabanai. Abin da yar rage mishi ke nan, shi yi jawabi. "Jama'a ku shaida. Ba don tsoro niz zo ba, kawo ni anka yi. Amma ɗari biyu da hamsin buhu guda, zalunci na, kuma ni Rabo..."

"Wa yac ce ɗari biyu da hamsin?"

Rabo yan nuna allo da hannu duka.

Yaƙubu yad dubi allo, yad dubi Rabo. "Hamsin ta, Malam. Sha biyu, jikka ukku. Kamar bara."

Wani ɗan dako yas sauke buhun da ke kai nai don shi ji da kyau.

"An rubuta biyu, da biyar, da..."

"Taubashi," in ji Mushe Alƙasim, "ranar da anka koya raba lamba gida biyar kana ina?"

"Ina da zazzaɓi."

"Shekara ukku?"

Dariya taɓ ɓalle tun daga bakin ƙohwa har wurin sikeli. Rabo yaɗ ɗaga murya. "Ko hamsin ta, da ita gwamnati ka tsaye. Manuhwa ita ta babba."

"Tiken ga ko Yamai ba shi zuwa," in ji Mushe. "Na meri na, hukumar gari, da shi a ka share tashar ga da kake tsaye ciki. Kana son ka ga inda gwamnati ka cin tuwo? Zo in nuna maka, yau duk ka gaishe su. Esansi sau nawa kas sha?"

"Biyu," in ji Sha'ibu.

"Cikin kowace litar akwai rabonta. Kiredi fa?"

"Biyu," in ji Zaliha.

"Shi ma. Akwai abin da a ka ce ma te-be-ya, shina kwance cikin kuɗɗin kaya, ba shi da allo, ba shi da mai tike. Sukarin shayinka, sabulu, batir, hular ga ta kanka. Kana barci shina aiki. Duwan kuwa, ita ta babbar tukunya, duk abin da yaƙ ƙetaro iyaka sai ta ɗanɗana, kai ko har gida kab bi ta. Ga tambur, ga piyaji. Saura biyu kawai ba ka taɓa ba: harajin albashi, don ba ka da aiki, da harajin ribar manyan kampani, don ba ka taɓa cin riba ba."

"Ka bar shi haka, Mushe," in ji Baba Tanimu. "Mutum ya ce Yamai ba a hura wuta. Yau har da nama."

Zaliha ba ta yi dariya ba. Tab biya Yaƙubu jikka ukku, tak karɓi tike, tat tahi wurin Alhaji Muhammadu tad durƙusa tag gaishe shi. Alhaji yas sa anka buɗe buhunnan ɗaya-ɗaya. Shina sa hannu, shina matsawa, shina sansana. Na ƙasa sun tsira. Wanda Rabo yag gwada ƙarhi nai ya hwara ruwa. Na bisa rana ta dahwa su, ɓawo na saɓulewa.

"Hajiya, biyar za ni ɗauka. Sauran kahin Abijan miya za su zama, su ɓata mini na mutane."

"Alhaji, ko bakwai."

"Da kin zo da hantsi, sha biyu. Godabe na nan, rabin awa na."

Anka loda biyar. Kamyo yat tashi. Hanyar komawa gida ta biyo ta gaban kantin nan, injin na nan ja bakin ƙohwa da tiyo nai. Zaliha na bisa buhu bakwai, tad dube shi har sunka sha kwana. Rabo na gaba, wannan karon hannu nai na cikin mota.

Albasar da tab bugu ba a yasuwa, yanka ta a ka yi a shanya ta bushe, a sai da ma masu miya da damina. Da sahe Zaliha tash shimhiɗa tabarma ƙohwar gida, ba cikin gida ba, ta aje buhu da wuƙa da tire.

"Nan waje?" in ji Rabo.

"Nan iska ka bugawa."

Kahin hantsi idanun Rabo sun yi jawur, hawaye na bin gemu suna ɗiga cikin tire. Baba Tanimu yaz zo wucewa, yat tsaya, yac cire takalmi, yad durƙusa.

"Rabo, ashe abin da yas samu ke nan. Ya haƙuri?"

"Wa yam mutu?"

"Kai za mu tambaya. Allah shi jiƙan buhu bakwai."

Maza sunka taso daga gindin bedi, sunka jeru suna amin. Matan rijiya sunka aje tulu sunka yi nasu. Rabo yas share ido da bayan hannu, abin yaƙ ƙaru.

"Ku yi ta yi," yac ce, shina jan hanci. "Amma ku hwaɗa mini, duk Adar wa yat taɓa ciyar da gwamnati ta ƙohwa biyar rana guda? Shef da kai nai yay yi mini rakiya har Madawa, mota tai gaba. Wane cikinku anka taɓa yi ma haka?"

Zaliha tah hito da buhu na biyu tana ja, taj jingine shi kusa da shi. Tak koma tad dawo da guga da igiya, ta aje bisa buhun.

"Wanga fa?"

"In ka gama yanka, barkono na jiran ruwa. Guga ɗari da ashirin shi ka sha." Tag gyara ɗankwali, murya ƙasa-ƙasa kamar kullum. "Bana kai na injin, maigida. Ba ka shan esansi, ba a shigo da kai ta duwan ba. Ka ja har damina, gwamnati ba ta ganin ko dala."